Asuba Goma Sha Tara a Tsibirin Sahwa

Ranar uku ga watan Afrilu na shekarar 1959 Malam Byon Tae-sop ya fara ganin Pyo Gum-rye, kuma gardama ce ta haɗa su. Kwanansa biyu ke nan da sauka a tsibirin Sahwa, inda aka turo shi koyarwa a ƙaramar makarantar firamare. Shekarunsa ashirin da uku, fitowarsa ke nan daga makarantar mishan ta birnin Mokpo da ke ƙetaren teku, ba shi da komai sai akwatin ƙarfe guda da agogon aljihu da shugaban makarantar ya ba shi saboda bai taɓa makara ba. Duk tsibirin babu wani agogon sai nasa.

Da asuba ya ji ana dukan ƙarfe. Ya ƙyasta ashana ya duba: huɗu da minti goma sha bakwai. A makarantar mishan kuwa huɗu da rabi ake kiran addu'ar asuba, ba gaba ba baya. Ya zura takalmi ya haura tudun majami'a. A gindin wata bishiya ya tarar da wata mace gajera kakkaura da farin ɗankwali, tana dukan tsohuwar tukunyar gas da sojoji suka bari bayan yaƙi, wadda aka yanke wa gindi aka rataye da igiyar jirgi. Ita ce ƙararrawar ikkilisiyar. Ya jira ta ajiye gudumar itacen, ya gaishe ta, ya miƙa mata agogon.

"Baiwar Allah, kin yi sauri da minti goma sha uku."

Ta dubi agogon, ta dube shi. "Zakaran maƙwabta ya yi cara ta biyu. Wannan abin naka wa ya tambaya?"

"Ba ya tambaya, shi ake tambaya."

"To tambaye shi ko ya karya. Kai dai na ga alama ba ka ci komai ba tun jiya."

Bayan addu'a ta ja shi gidanta, tana ɗan ɗingisa ƙafar hagu, ta ajiye masa dafaffen sha'ir da dankali biyu. Gardamar da suka fara ranar sai da suka shekara sittin suna yin ta.

An haifi Gum-rye a garin Muan, can ƙetare, a 1929, aka kawo ta tsibirin tana da shekara goma sha tara, matar wani masunci mai suna Ko Pan-sik. Matan bakin ruwa 'Yar Muan suke ce mata, 'yan majami'a kuma Maman Dok-su. 'Ya'yanta biyu ne suka rayu, Dok-su namiji da ƙanwarsa Yong-ae. Ba a daɗe ba Malam Byon ya ji labarin ƙararrawar, domin ba wanda bai san shi ba. A hunturun 1956 ƙyanda ta shiga tsibirin ta kwashe yara bakwai, iska kuma ta hana jirgi zuwa har kwana tara. Dok-su yana shekara huɗu, idanunsa sun kafe. Uwar ta goya shi zuwa majami'a, ta shimfiɗe shi a kan tabarma gaban mai bishara da mata huɗu, ta ce da Allah da babbar murya: in ka bar mini shi, muddin ina numfashi, ba asubar da za ta wuce ban buga wannan ƙarfen da hannuna ba. Yaron ya tashi.

Da farko abin yabo ne. Mai bishara yakan kawo misali da ita a wa'azi. Sai daga baya aka fara ganin nauyin kayan. Jirgin Mokpo bayan kwana bibbiyu yake zuwa, ya iso da tsakar rana, ya juya da la'asar. Duk wanda ya shige shi sai ya kwana biyu a ƙetare. Ke nan daga ranar da ta yi wannan magana, Gum-rye ta rufe wa kanta ƙofar tsibirin da za ka iya zagayewa a ƙafa cikin awa uku.

A 1963 mahaifiyarta ta rasu a Muan, ba ta je ba. A 1971 ciwon ciki ya kwantar da mijinta, aka ɗauke shi zuwa asibiti a Mokpo. Ta raka shi har bakin jirgi, ta gyara masa bargo, ta tura masa ƙunshin busasshen kifi a ƙarƙashin kai. Ya ce mata, "Ke dai ƙarfen nan ne mijinki." Ta ce, "Ka dawo mu yi faɗan." Bayan kwana goma sha ɗaya a daidai wurin ta tsaya ta karɓi akwatin gawarsa. A 1976 aka ɗaura auren Yong-ae a Busan, uwar amarya ta aika da bargo biyu da ta ɗinka da hannunta, kujerarta kuma wata gwaggo ta zauna a kai.

Malam Byon, wanda a lokacin ya auri 'yar tsibirin har an naɗa shi dattijon ikkilisiya, ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Yakan zo da Littafi Mai Tsarki da takardu a maƙale tsakanin shafuka, ya zauna a bakin barandarta yayin da take ɓare kawa, 'yan halittun teku masu ɓawo da ake tonowa a taɓo.

"Maman Dok-su, Allah ba ɗan kasuwa ba ne. Kyauta ya ba ki yaron nan."

"Kana wurin?"

"Ba na nan, amma a rubuce yake..."

"Kai ka karanta labarinsa, Malam, ni na yi ciniki da shi. Na taya, ya sallama. In na fasa, shi ma ya fasa."

"Ai ba haka yake ba."

"Za ka sa Dok-su a gwada?"

Nan maganar take tsayawa kullum. Ya san amsar duk tambayoyin da aka yi masa a makarantar mishan, amma bai taɓa iya cewa e, a gwada ba.

Ranar tara ga Nuwamba 1978 waya ta zo daga Busan a 'yar takarda, aka kai wa Malam Byon ya karanta mata, domin ita ba ta karatu. Mijin Yong-ae ne ya bugo: ta haihu, jini ya ƙi tsayawa, zazzaɓi ya shige ta, tana kiran Inna. Jirgi kuma zai juya nan da awa biyu.

Gum-rye ta zauna a ƙasa a tsakar gida, ta miƙe ƙafa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Gaba kura, baya sayaki. In na tafi na ba da Dok-su, in na zauna na ba da Yong-ae."

"Ni zan buga," in ji Malam Byon. "Ba zan yi fashin ko minti ɗaya ba."

"Da hannuna na ce. Kai kuma Allah ya san ka sarai, kullum kana gabansa da agogo."

Sai aka ji murya daga bayan katanga. "To ni ya san ni?"

Chon Mak-dal ce, maƙwabciyarta. Gwauruwa ce, teku ya cinye mijinta tun tana amarya, ba ɗa ba jika, ba ta kuma taɓa taka majami'a ba. Tana shan taba a doguwar lofe, tana shan giyar shinkafa, farkon kowane wata kuma takan watsa shinkafa a ruwa don iskokin teku su ci. Shekara talatin ita da Gum-rye suna tonon kawa a taɓo ɗaya suna zagin juna, wannan ta ce 'yar tsafi, waccan ta ce matar ƙarfe. Ta zagayo ta shigo, lofe a baki.

"Tambayarki nake, 'Yar Muan. Allahn nan naku ya taɓa ganina a gidansa?"

"Mak-dal, ba lokacin shirme ba ne."

"Tsawonmu ɗaya, faɗinmu ɗaya. Ba ni ɗankwalin nan da rigar sanyinki. Daga sama yake kallo, ko? Me ake gani daga sama in ba tsakar kai ba? Ga duhu kuma."

Malam Byon ya miƙe tsaye. "Wannan saɓo ne. Ba a yi wa Allah dabara."

"Zauna, Malam Agogo. 'Yar mutane na can tana kiran uwarta, kai kana nan kana gyara wa Allah tabarau."

Ya juya ga Gum-rye don ta goyi bayansa, sai ya ga hannunta ya riga ya kai ga ƙullin ɗankwalin. Ta kwance shi. Ta shiga ɗaki, ta fito da rigar a naɗe cikin tsumma kamar kayan sata, ta ajiye a kan randa ba tare da ta dubi kowa ba. Ta yafa wani tsohon mayafin Mak-dal har ya rufe mata fuska, ta bi ta bayan gidaje zuwa bakin jirgi. Shekara ashirin da biyu rabon da ƙafarta ta bar ƙasar Sahwa.

Malam Byon ya yi niyyar wanke hannunsa daga maganar. Amma ya san Mak-dal da nauyin barci in ta sha. Ƙarfe huɗu na asuba sai ga shi a bakin ƙofarta yana ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa, dattijon ikkilisiya guda. Ta fito tana hamma cikin farin ɗankwali, ta kama hanyar tudu tana ɗingishi. Ya bi ta a baya da taku goma. Da suka kai rabin hanya ya kasa daurewa.

"Ƙafar hagu ce," ya ce da ita ƙasa-ƙasa.

"Me?"

"Da hagu take ɗingishi, ba da dama ba."

Mak-dal ta yi dariya har sai da ta dafa gwiwa. Shi kuwa kunya ta hana shi ɗaga kai a addu'ar ranar. Haka suka yi asuba goma sha tara. Ya koya mata yawan bugun, goma sha biyu, a huta, a ƙara goma sha biyu. Matan majami'a sun gane tun ranar farko, don hannun Mak-dal ya fi nauyi, kuma ana gama bugu mai farin ɗankwalin sai ta juya gida maimakon ta shiga addu'a. Ba wadda ta tanka. A littafin da yake rubuta al'amuran kowace rana tun yana ɗalibi, abin da ya sa a waɗannan ranaku kawai shi ne: an buga.

Ranar ashirin da takwas ga wata, bayan iska ta makarar da jirgi kwana ɗaya, Gum-rye ta sauko daga cikinsa, ta rame, mayafi a fuska. Yong-ae ta tsira, jaririyar ma, an sa mata suna Mi-ran. Gum-rye ta bi ta bayan gidaje, ta ɗauki rigarta daga kan randa inda Mak-dal ta mayar da ita, washegari ta hau tudu kamar ba ta taɓa motsawa ba.

Malam Byon ya ɗauka tunda ta ga an yi kwana goma sha tara ba abin da ya sami Dok-su, igiyar za ta saki. Sai ma ta ƙara ɗaurewa. Da can alkawari kaɗai take ɗauke da shi, yanzu ga shi ga ɓoyo. Ba ta taɓa ambaton tafiyar ba, ko ga 'yarta. Ba ta ce wa Mak-dal na gode ba, don a ganinta abin da aka faɗa a fili an ji shi a sama. In Mak-dal ta tsokane ta a bakin ruwa ta ce, "Matar ƙarfe, ina tukuicina?" sai ta yi sauri ta dubi sama, ta ce, "Tukuicin me, 'yar tsafi? Ban san zancen da kike ba." Da aka sa tarho a kantin bakin jirgi, duk ranar da aka aiko a kira ta, sai ta tsaya a ƙofar kantin ta ce da mai kanti ya fara ji mata muryar wane ne.

Sau ɗaya tak ta taɓa zancen da Malam Byon, shekara uku bayan haka, suna saukowa daga addu'a. Ba ta dube shi ba.

"Malam, kai da ka yi karatu. Allah yana ganin fuska a cikin duhu?"

Ya yi taku biyar kafin ya amsa. Ƙarya ba ta cikin abin da aka koya masa. "Yana gani."

"To me ya sa ya yi shiru?"

"Wataƙila ya yafe."

"Ko kuma jira yake," in ji ta, ta wuce.

Shekaru suka yi ta tafiya, tsibirin yana raguwa. A 1985 wani sabon fasto ya sayo lasifika da kaset mai kiɗan ƙararrawa, ya ce da ita cikin ladabi yanzu Kaka ta huta. Ta ce to, ta gode. Kullum kuma sai ta riga kaset ɗin da minti biyu. A 1994 aka rufe makaranta don babu yara, Malam Byon ya kulle ƙofar da hannunsa. Jikoki sukan zo hutun bazara, su biyar, ta cika su da miyar kaguwa, su koma da buhunan busasshiyar ciyawar teku. Ba ta je bikin gama makarantar ko ɗaya ba, ba ta je auren ko ɗaya ba. Hotunan dai suna jere a bangon ɗakinta, kowanne da kujerar da ba ta zauna ba.

Dok-su ya zama ɗan kwangilar gini a Incheon. A shekarar da ya cika hamsin da biyar ya zo da niyyar tafiya da ita, ya riga ya gyara mata ɗaki mai ɗumin ƙasa a gidansa. Ya roƙi Malam Byon ya zauna a yi maganar a gabansa.

"Inna, dubi kaina, ba sauran gashi. Ina da jika. Wa'adin nan bai ƙare ba?"

"Ka ci abincinka yana hucewa."

"Kin san yadda mutum yake ji kuwa? Duk safiyar da na farka sai na tuna akwai tsohuwa a kan tudu cikin iska saboda ni. Baba ya mutu shi kaɗai saboda ni. Ni ban nemi a saye ni da wannan tsadar ba. In Allah yana so na, ya zo ya ɗauka, na gaji."

Ta tashi da sauri irin wanda ba a san tana da shi ba, ta toshe masa baki da tafin hannu, babban mutum mai ma'aikata arba'in. Ta riƙe har sai da ya daina motsi. Sannan ta koma ta zauna, ta ƙara masa kifi a kan shinkafa. Washegari ya shiga jirgi shi kaɗai.

Da ƙafa ta ƙi hawan tudu a 2016, sai tsofaffin da suka rage suka sauko da tukunyar gas ɗin a amalanke, aka rataye ta a ƙarƙashin rufin barandarta, inda za ta iya kai mata duka daga zaune. Bugun ya koma uku, daga baya ɗaya. Ranar sha huɗu ga Maris 2019 Malam Byon ya farka kamar kullum, ya riƙe agogo yana jira, har biyar ta wuce bai ji komai ba. Ya sa rigarsa ta zuwa jana'iza kafin ya fita. Tana da shekara casa'in. Dok-su ya zo, mai shekara sittin da bakwai, lafiyarsa ƙalau, ya tsaya a bakin kabari yana juya hularsa a hannu, ya rasa inda zai sa idonsa.

A wajen jana'izar fasto ya ƙirga shekarun ƙararrawa, sittin da uku, ya ce ba ta yi fashin rana ɗaya ba. Malam Byon bai gyara masa ba, ko da yake bai saba barin lissafi ya wuce a karkace ba. Hankalinsa yana kan wani abu dabam.

Mak-dal ta rasu tun a watan Fabrairu na 1996. Da yake ba 'yar majami'a ba ce, ba ta kuma da dangi, sai aka binne ta can bayan dutse, inda hanya ba ta kaiwa sosai. Kowace shekara in bikin Chusok, wato bikin girbi na kaka, ya gabato, kowane gida sukan hau da lauje su aske ciyawar da ke kan tudun kaburburan iyayensu, kabarin da aka gani cikin ciyawa kuwa an san mai shi ba shi da kowa a duniya. Kowa ya ɗauka na Mak-dal haka zai zama. Amma a kakar farko aka gan shi a aske tas. Ta biyu ma haka. Malam Byon ne ya fara lura cewa mako guda kafin biki Gum-rye takan ɗauki kwando ta ce za ta ɗebo ganyen miya, bakin lauje yana leƙowa ta ƙarƙashin tsumma. Ba ta durƙusa wa kabarin, ba ta zuba giya, ba ta cewa komai. Ta aske, ta kwashe, ta sauko. Bai tambaye ta ba, ya dai riƙa rubutawa a littafinsa: an aske. Da ta haura tamanin, hawan da ake yi cikin rabin awa sai ya riƙa cinye mata wuni. A kakar 2014 da rarrafe ta ƙarasa, ta yi askin a zaune da almakashin ɗinki, don hannu ya daina riƙe lauje.

A kakar 2015 biki ya rage kwana uku bai ga ta ɗauki kwando ba. Ya ɗauka ƙarfi ne ya ƙare. Sai wani tunani ya zo masa, ya sauko da tsofaffin littattafansa daga kan kabad, ya bi su shekara-shekara da ɗan yatsa, ya ƙirga wuraren da ya rubuta an aske, har sau biyu. Ya ɗauki sandarsa ya nufi gidanta. Ya same ta a baranda tana shanya barkono.

"Maman Dok-su, bana ba za a hau bayan dutse ba?"

"Me na ajiye a can?"

Ya zauna a gefenta, ya jingina sandar. "Na duba. Goma sha tara ne cif."

Ta ɗaga kai ta dubi sama ta ƙarƙashin rufin, ta daɗe tana kallo, sannan ta ci gaba da baza barkonon da bayan hannu.

"Rage murya, Malam," in ji ta. Can kuma ta ƙara, a hankali yadda shi kaɗai zai ji, "Ita ma 'yar tsafin ba ta ƙara mini ko kwana ɗaya ba."